Jiri Bayan Dashen Na'urar Ji a Kunne: Yadda Ake Jinyarsa Mataki-Mataki

Tun da na ba da labarin dashen na'urar ji da aka yi wa Yayata, wato na'urar da ake sa wa kurma a can cikin kunne ta hanyar tiyata, na ɗauka tambayar kuɗin aikin ce za ta fi yawa. Ashe ta jiri ce. Wani ya ce kwana biyar ke nan da yi wa mahaifinsa, da ya ɗaga kai sai ɗaki ya kama juyawa. Wata kuma ɗanta da ba ya zama wuri ɗaya kafin tiyata, yanzu ya maƙale mata a zani ya ƙi taka ƙasa. Ga yadda ake bi da lamarin, daga kafin a shiga ɗakin tiyata har mutum ya koma harkokinsa.

Abu ɗaya kawai za ku riƙe don sauran bayanin ya zauna. A can cikin kunne, sashen ji mai siffar katantanwa, wanda ake zura wa siririyar wayar na'urar, maƙwabcin sashen da ke riƙe wa mutum tsayuwa ne. Gida ɗaya suke, ruwan da ke cikinsu ma a haɗe yake. In an taɓa ɗaya, ɗayan yakan girgiza. Shi ya sa jiri a kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, kuma ga yawancin mutane yakan lafa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni.

1. Kafin tiyata: faɗa wa likita tarihin jirinka

Ku gaya wa likitan kunne in mai shirin aikin ya taɓa fama da juwa, ko yana tangaɗi in dare ya yi, ko ya taɓa faɗuwa ba dalili. Ku faɗi kuma abin da ya jawo kurmancin in an sani. Sanƙarau da allurar gentamicin ko streptomycin sukan lalata sashen tsayuwa tare da na ji, wani lokaci a kunnuwan biyu. Wannan bayani yana iya canja kunnen da za a zaɓa: in jin kunnuwan daidai yake, likita yakan so ya bar wanda sashen tsayuwarsa ya fi lafiya, ya yi aiki a ɗayan. Akwai gwajin da ake zuba ruwa ko iska mai ɗumi da mai sanyi a kunne ana kallon motsin ido, da wanda ake sa wa mutum tabarau mai kyamara ana juya kansa da sauri. In asibitin yana da su, ku nema.

Ku tambayi batun rigakafi. Mai wannan na'ura ya fi sauran mutane haɗarin sanƙarau, musamman irin wanda ƙwayar cutar nimoniya ke kawowa, kuma an fi so a yi rigakafinta aƙalla mako biyu kafin aikin.

Gargaɗi: rigakafin sanƙarau da ake yi a gangami unguwa-unguwa ba shi ne wannan ba. Ƙwayoyin cutar daban ne. Mu da muke zaune a yankin da sanƙarau ke ɓulla duk bazara, biyun muke bukata. Ku kai katin rigakafi likita ya duba da idonsa.

Sai wani abu da mu bai zo mana a rai ba sai da muka shiga ciki. Daga ranar tiyata har ranar da za a kunna na'urar, mako biyu zuwa huɗu a yawancin asibitoci, kunnen da aka yi wa aiki ba ya jin komai. Ke nan in ɗayan kunnen ma ba ya ji, a daidai lokacin da jiri ya fi tsanani, ba za ka iya ce wa mara lafiya "tsaya, kada ki tashi" ta ji ka ba. Ku yi yarjejeniyar alamun hannu tun a gida: na "zauna", na "amai", na "ɗaki yana juyawa", na "banɗaki". Ku ajiye littafi da biro a gefen gado.

2. Shirya ɗaki kafin a sallamo shi

Kayan ba su da yawa, kuma yawancinsu suna gidan: tocila mai caji ko fitila mai sola, kujerar roba biyu, bokiti na amai, fo ko kujerar bahaya, filo biyu ko uku, da silifas mai kama ƙafa wanda ba ya santsi. Ku naɗe tabarma da darduma daga kan hanyar da ke tsakanin gado da ƙofa, ku ɗauke wayoyin caji da buta da takalman yara. In ɗakinsa a bene yake, a sauko da shi ƙasa na mako biyu. Gado mai tsayin gwiwa ya fi katifar ƙasa, domin tashi daga ƙasa sai an sunkuya an yunƙura, biyun kuma ba a son su yanzu.

Haske ya fi komai muhimmanci a jerin nan. Jiki da abu uku yake tsayuwa: kunnen ciki, ido, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. In kunne ya yi rauni, ido ne ke ɗaukar nauyin. A dare na huɗu Yaya ta tashi da asuba, an ɗauke wuta, ta miƙe tana lalubar buta kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Taku biyu ta yi ta tafi gefe guda, kafaɗarta ta bugi ƙyaure. Da rana ta yi ta zagaya tsakar gida lafiya lau, duhu kaɗai ya kayar da ita. Allah Ya sa ba ɓangaren ɗinkin ne ya bugu ba. Daga ranar fitila ba ta sake mutuwa a ɗakin ba.

3. Kwana biyun farko: yadda ake tashi daga gado

Jirin ranar farko haɗin gambiza ne: ragowar allurar barci, maganin kashe zafi, yunwa, rashin ruwa a jiki, da taɓawar da aka yi wa kunnen. Kada a yanke hukunci a kansa tukuna.

A kwanta kai a ɗan sama bisa filo biyu, kunnen da aka yi wa aiki yana sama. In za a tashi, ga tsarin:

Ya juya a hankali zuwa ɓangaren da ba ɗinki. Ya sauke ƙafafu, ya tura jikinsa da hannu ya zauna. Ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu, idonsa a buɗe yana kallon abu ɗaya da ba ya motsi, kamar makunnin fitila. Sannan ya miƙe, mai jinya yana gefensa. Ya tsaya ya ƙirga talatin kafin takun farko.

Gargaɗi: in jiri ya taso, rufe ido ne abin da mutum ke fara yi, kuma in a tsaye yake shi ke kayar da shi. Ya zauna tukuna, ya kafa ido a wuri ɗaya. Mai jinya kuma kada ya ja shi ta hannu. A tsaya kusa da shi, hannu ɗaya a ƙugunsa.

Ruwa kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, kunu ko koko mara nauyi, abinci kaɗan sau da yawa. Kada ya fyace hanci da ƙarfi. In atishawa ta zo ya buɗe baki, kada ya danne ta. Ba ɗaukar jarkar ruwa, ba ɗaukar yaro, ba yunƙuri a banɗaki, har sai likita ya ɗage dokar. Dalilin shi ne ƙaramar kafar da aka zura wayar ta cikinta tana bukatar ta toshe, matsi kuma yana iya sa ruwan kunnen ciki ya tsiyaya. In maganin zafi ya busar da ciki, a faɗa wa likita ya ba da mai laushi, a ƙara gwanda da ganye.

4. Gano wane irin jiri ne

Mukan tara komai mu ce jiri, amma likita ba zai iya taimakawa ba sai an rarrabe masa. Ku tambayi mara lafiya a rubuce, ku rubuta amsar da lokacin da abin ya faru.

Na farko, duhu-duhun ido da jin kamar za a suma idan an miƙe tsaye, ya wuce in an zauna. Wannan yawanci jini ne ke sauka, ba kunne ba. Ruwa, tashi a hankali, da auna jini. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya faɗa wa likitansa, kada ya rage da kansa.

Na biyu, hajijiya mai ɗorewa: ɗaki yana juyawa ko da ana kwance shiru, da tashin zuciya, ta fi tsanani in an motsa kai, tana raguwa kullum. Wannan shi ne na girgizar sashen tsayuwa. Shi ne mataki na 7 ke magani.

Na uku, juwa mai tsanani amma gajeriya, ba ta kai minti ɗaya, tana zuwa in an juya a gado, ko an kwanta, ko an ɗaga kai sama don ɗauko abu, ko an sunkuya. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne kamar tsakuwar alli da ke cikin kunne suka bar mazauninsu suka faɗa inda ba nasu ba. Tana iya zuwa bayan makonni, mutum ya ɗauka ya warke. Ita ce ta fi tsoratarwa, ita ce kuma ta fi sauƙin magani: likitan kunne ko mai gashin ƙashi da ya ƙware zai kwantar da mutum ya juya kansa bi da bi ta hanyar da ake kira Epley, cikin 'yan mintuna, sau ɗaya ko biyu kan wadatar.

Gargaɗi: kada ku kwaikwayi wannan daga bidiyon YouTube a kan mai sabon ɗinki. Sai an gwada an san wane kunne ne da inda ƙwayoyin suka faɗa a cikinsa, kuma mai ciwon wuya yana da nasa tsarin.

Na huɗu, ba juyawa, sai dai tafiya kamar a kan katifa, layi a duhu ko a kan yashi, wani lokaci rubutun allon kanti yana tsalle in ana tafiya. Wannan alamar raunin sashen tsayuwa ne, kuma yana bukatar gwaji da horo mai tsawo.

5. Alamomin da ba a kwana da su

A koma asibiti a take, dare ko rana, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi tare da ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske ko ruɗewa, ruwa garai-garai kamar na famfo yana ɗiga daga kunne ko hanci, ko ɗanɗanon gishiri yana gangarowa maƙogwaro, karkacewar baki ko ido ya ƙi rufuwa, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, hannu ko ƙafa ya mutu, amai da ba ya barin ko ruwa ya zauna, wurin ɗinki ya kumbura, ya yi ja, yana zafi ko fitar da mugunya, jirin da yake raguwa ya dawo da ƙarfi farat ɗaya, ko faɗuwar da kai ya bugu.

Ku tafi da katin na'urar, wanda kamfanin ya bayar, ko Cochlear ne ko MED-EL ko Advanced Bionics. Ku faɗa tun a bakin ƙofa cewa akwai na'ura da maganaɗisu a kansa, domin ba a shigar da shi hoton MRI sai an bi ƙa'idar irin na'urarsa.

Gargaɗi: zazzaɓi a wannan lokaci ba na "bari mu sha maganin maleriya mu gani" ba ne. Ko da maleriyar ce, likita ne zai faɗa bayan ya kawar da sanƙarau.

Ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshe, ƙarar kunne, da mutuwar fatar bayan kunne ba sa cikin wannan jeri. Sukan faru, a ambata su a ranar komawa.

6. Magani: na kwanaki ne, ba na wata ba

Likita yakan ba da maganin jiri da amai, irin su Stemetil ko Stugeron ko promethazine. Suna da amfani a kwana biyu ko ukun farko, lokacin da mutum ba ya iya ɗaga kai. Bayan nan sai su koma cikas. Ƙwaƙwalwa ce ke warkar da jirin, ta hanyar koyon yadda za ta daidaita saƙon kunnen da ya raunana da na mai lafiya, kuma ba ta koyo sai ta ji kuskuren. Waɗannan magunguna suna rufe mata kuskuren. Kuskuren da na fi gani shi ne maganin asibiti ya ƙare, a aika yaro kemis da kwalin a sake sayowa, a sake, har wata biyu, ana mamakin me ya sa jiri ya ƙi tafiya. Ga tsofaffi kuma, daɗewa a kan Stugeron yana iya kawo rawar hannu da nauyin jiki. Yara ba a ba su ko ɗaya sai da rubutun likita.

Gargaɗi: kada a bari a yi masa allurar gentamicin a kemis saboda wani ciwo daban ba tare da sanin likitan kunne ba. Sashen tsayuwar da ya rage masa ne take ci. Kada a ɗiga komai a kunnen, na kanti ko na gargajiya. Addu'a da tofi a ruwan sha ba su hana komai ba, amma kunnen a bar shi. Masu zuwa dubiya za su ce ƙarancin jini ne a sayo maganin ƙarin jini. A auna jinin tukuna.

7. Horon da ke kawar da jirin

Nan ne ainihin aikin. Ana farawa da zarar likita ya yarda, galibi cikin makon farko ga masu sauƙin, a zaune. Kayan aiki: kati ko takarda da aka rubuta babban harafi ɗaya, kusurwar ɗaki, kujera, filo, da agogon waya.

Na ido, a zaune. A manna katin a bango daidai ido, nisan hannu ko fiye kaɗan. A kafa ido a kan harafin, a riƙa juya kai dama da hagu kamar mai cewa a'a, juyi kaɗan, harafin yana nan tar. In ya dushe ko ya rabu biyu, an yi sauri, a rage. A fara da daƙiƙa 20 zuwa 30, a huta, a yi na sama da ƙasa. Kullum a ƙara kaɗan har a kai minti ɗaya ko biyu, aƙalla sau uku a rana. Mun ɗaura wa Yaya nata da lokutan salla don kada a manta. In na zaune ya yi sauƙi, a koma yi a tsaye.

Na tsayuwa. A tsaya a kusurwar ɗaki, bango a baya ta ɓangare biyu, kujera a gaba. Ƙafafu a haɗe, daƙiƙa 30. In ya zauna daram, a gwada da ido a rufe. Sai ƙafa ɗaya gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu. Sai a kan filo. Ba a tsallake mataki, kuma na rufe ido ba a yin sa sai da mutum a kusa.

Na tafiya. A fara a cikin ɗaki kusa da bango, sai tsakar gida, minti biyar sau da yawa ya fi rabin awa sau ɗaya. Daga baya a riƙa tafiya ana waiwaye dama da hagu duk bayan taku uku. Sai ƙofar gida da safe, sai kan yashi, kasuwa ce ta ƙarshe, domin cunkoso da wucewar ababen hawa suna rikita idon da ake dogaro da shi.

Ma'aunin shi ne horon ya tayar da jiri kaɗan, wanda zai kwanta cikin kwata ɗin awa ko makamancin haka. In bai tayar da komai ba, ya yi sauƙi. In ya kwantar da mutum rabin yini, ya yi yawa, gobe a rage.

Gargaɗi: tausayi yana ɓata wannan mataki. Gida ya cika da masu cewa "kwanta ki huta", a kawo abinci gado, a kawo ruwan alwala gado. Mai jiri kuma da kansa yakan ƙame wuya ya riƙa juyawa da dukan jiki kamar wanda ya kwana a kan wuya. Duka biyun suna tsawaita ciwon.

8. Salla, banɗaki, wanka da hanya

Ruku'u da sujada sunkuyar da kai ne, abin da likita ya hana a farko kuma yake tayar da juwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da sauƙi: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. A yi a kan kujera da nuni. In lokacin komawa ya yi, a fara da nafila a gida kusa da bango, a ɗago daga sujada a zauna a ɗan jira kafin a miƙe. Batun shafar kai da kunne a kan bandeji, a tambayi malami, amma ruwa kada ya taɓa ɗinkin sai likita ya ce. In aikin ya faɗo kusa da azumi, a yi maganar da likita tun wuri, domin ƙishirwa tana ƙara jiri.

Banɗakin tsuguno shi ne wuri mafi haɗari a gidan: santsi, tsuguno, yunƙuri, miƙewa farat ɗaya, kuma a kulle. A sa kujerar bahaya, kada a sa sakata. Wanka a zaune a kan kujerar roba, daga wuya zuwa ƙasa, ba rufe ido a tsaye.

Ba tuƙi, ba hawa acaɓa, ba tsani, ba jan ruwa a rijiya, sai an yi kwanaki ba jiri kuma likita ya amince. A mota a zauna gaba a kalli nesa, a ajiye waya. Waɗanda suka yi aikin a Indiya ko Masar ko wata ƙasa, kada su yanki tikitin dawowa sai sun tambayi likitan ranar da ya yarda a hau jirgi, kuma su karɓo rahoton tiyatar a rubuce.

9. Ranar kunna na'ura

Ku je da rakiya ko da jirin ya tafi. Ga wasu, wutar da na'urar ke aikawa jijiyar ji takan taɓa ta tsayuwa, ko ƙarar da aka daɗe ba a ji ba ta rikita su. Gwajin mai sauƙi ne: jirin yana zuwa in an manna ɓangaren na'urar na waje, ya tafi in an cire? Yana zuwa da ƙara mai ƙarfi? Fuska tana motsi da kanta? A rubuta a kai wa mai saita na'urar. Yana iya rage ƙarfin wutar ko ya kashe, ta kwamfuta, wasu daga cikin wuraren da siririyar wayar cikin kunnen ke fitar da wuta. Kada a jefa na'urar a durowa a yi shiru.

10. In yaro ne

Yaro ba zai ce yana jin jiri ba. Zai ƙi sauka daga jiki, ya koma rarrafe, ya karkatar da kai, ya yi amai in an ɗaga shi, ko a ga ƙwayar idonsa tana rawa. Yawancinsu sukan murmure da sauri fiye da manya, kuma wasa ne horonsu: bin ƙwallo, ɗauko abu daga dama da hagu, tafiya a kan layin da aka zana. A kula da ɗaurin goyo da ɗankwali kada su danne wurin ɗinkin. Yaron da aka tabbatar kunnuwansa biyu ba su da ƙarfin tsayuwa, ba a barinsa shi kaɗai a rafi ko kududdufi, domin in ya nutse ba ya gane sama da ƙasa.

11. In an kai wata guda ba sauƙi

Jirin da bai ragu ba bayan mako huɗu zuwa shida, ko wanda ke zuwa ya yi awanni tare da cikar kunne da ƙara, yana bukatar a sake dubawa. A koma wurin wanda ya yi aikin. In yana nesa, manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro da na gashin ƙashi, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A sashen gashin ƙashi ku tambaya takamaimai ko akwai wanda ya saba da horon masu jirin kunne, don ba kowa ne ya ƙware a kai ba.

Ta fuskar kuɗi, horon kansa kyauta ne. Abin da ke ci shi ne motar zuwa asibiti, kuɗin ganin likita, zaman gashin ƙashi, da gwaje-gwaje in an bukata, ga kwanakin da mai jinya zai bar sana'arsa. Iyalai da yawa sukan tattara duk abin da suke da shi su zuba a na'ura da tiyata, a dawo gida ba ko na mota. Ku ware wani abu tun farko na aƙalla zuwa uku ko huɗu. Ku kuma roƙi mai gashin ƙashin ya rubuta muku horon a takarda, ko ku ɗauke shi a bidiyo da waya yana nunawa, don a riƙa yi a gida a rage zirga-zirga. Ranar komawa ku tafi da littafin nan na gefen gado, shi likita zai fara buɗewa.